Za a buɗe shagon wiwin magani a layinku a Amurka? Ga yadda ake bin dokar zonin ɗin garin

Wani ɗan uwa ne ya turo min hoton wata takarda da aka liƙa a gilashin wani shago da ya daɗe a rufe, shago na uku daga masallacinsu, yace Malam duba min wannan wai me suke nufi. Na duba naga sanarwa ce ta zaman jin ra'ayin jama'a, wani kamfani ne ke neman izinin buɗe shagon sayar da tabar wiwi ta magani a wurin, kuma saura kwana tara a zauna. Takardar nan ta kwana biyu a wajen, mutane na wuce ta safe da yamma zuwa sallah babu wanda ya tsaya ya karanta, sai da wani yaro ɗan sakandare ya gaya wa babansa. Toh daga nan fa hankali ya tashi, wannan yace a haɗa zanga-zanga, wancan yace liman yayi huɗuba a kai, ni kuma nace kafin duk wannan a samo min abu biyu, dokar garin da kuma tef ɗin awo.

Bari in faɗi tun farko, ba fatawa nazo yi ba, hukuncin shan wiwi don magani wannan na malamai ne da likitoci, kuma akwai marasa lafiya na gaske masu ciwon kansa da masu farfaɗiya da likita ke rubuta musu, ba kowa ne ɗan shaye-shaye ba. Abin da na sani shine yadda ake yanke a ina shagon zai zauna, wato abin da suke kira zonin, kuma ko kana so ka hana ne, ko kana so a sa musu sharuɗɗa, ko ma kai ne mai son buɗewa, hanyar ɗaya ce.

Zonin ba wani abu bane illa gari ya yanka kansa gida-gida a taswira, yace nan gidajen kwana ne kawai, nan kasuwanci, nan masana'antu, nan kuma an yarda a gauraya. Birnin Niyok ne ya fara yin cikakkiyar irin wannan doka a 1916, sannan a 1926 kotun ƙolin Amurka ta tabbatar gari na da wannan ikon a shari'ar wani ƙauye mai suna Euclid a jihar Ohayo. Ikon daga jiha yake gangarowa zuwa birni ko gunduma, shi yasa abu na farko da zaka yi ba zuwa ofishin magajin gari bane, a'a, ka fara sanin me jiharka ta bai wa garinka dama yayi, don nan ne mutanenmu suke ɓata ƙarfinsu, kaga an je ana ta roƙon kansiloli su hana abin da doka bata basu ikon hanawa ba.

Jihohin ba ɗaya suke ba ko kaɗan. Kalifoniya ce ta fara halatta wiwin magani a 1996 ta hanyar ƙuri'ar jama'a, aka yi shekaru ana ja-in-ja ko birni zai iya cewa shi baya son shagon kwata-kwata, har sai a watan Mayu 2013 kotun ƙolin jihar ta yanke a shari'ar birnin Riverside cewa eh, birni na iya hanawa gaba ɗaya da dokar zonin. Shi yasa har gobe akwai garuruwa da yawa a Kalifoniya da babu shago ko ɗaya, duk da daga 1 ga Janairu 2024 wata sabuwar doka ta hana garuruwa toshe kai wa mara lafiya maganin har gida, kaga sun hana shago amma mota na shigowa. Ohayo ma a dokarta ta 2016 ta bar gari ya hana ko ya ƙayyade adadi. Kolorado haka tun 2010.

Filorida kuma nata salon daban ne, kuma ni dai a ganina shine mafi wahala ga unguwa. Bayan ƙuri'ar 2016, dokar da majalisa ta yi a 2017 tace wa gari zaɓi biyu gareka, ko ka hana gaba ɗaya, ko kuma in ka bari to baka da ikon ƙayyade yawansu kuma bazaka sa musu dokar da ta fi ta kemis tsanani ba. Ma'ana duk inda kemis zai iya zama shagon wiwi ma zai iya, babu tsaka-tsaki. Fensilbeniya a dokarta ta 2016 tace a ɗauke shi kamar sauran wuraren kasuwanci da ke wannan yankin. Oklahoma a 2018 ta rubuta ƙarara cewa gari bazai murɗe dokar zonin don hana shagon buɗewa ba, abin da ya biyo baya kowa ya gani, jiha mai mutum kusan miliyan 4 ta tara shaguna sama da 2,000, sai da suka dakatar da bada sabon lasisi a 2022. A Masachusets wani gari mai suna Wakefield ya hana gaba ɗaya, ofishin antoni janar na jihar ya soke hanin a 2013, yace zaku iya tsara inda zai zauna, zaku iya dakatarwa na ɗan lokaci ku yi nazari, amma ba hanawa ɗungurungum ba.

Sai Mishigan, wadda labarinta ya kamata duk musulmin da ke ƙasar nan ya sani. Dokar shagunan magani ta 2016 tace babu shago sai gari da kansa ya rubuta yana so. Amma dokar 2018 ta wiwin nishaɗi ta juya abin, tace an yarda sai dai in gari ya rubuta baya so. Hamtramck, ɗan ƙaramin birnin nan mai zaman kansa da Detroit ta kewaye wanda 'yan Yaman da 'yan Bangaladash suka cika, basu rubuta komai ba, kawai a 2020 aka wayi gari shago ya buɗe, mutane suka yi ca a kan majalisa, daga baya aka toshe ƙofar sababbi amma waɗanda suka riga suka shiga suna nan. Don haka ka tambayi jiharka wace iri ce, shiru yana nufin an hana ko shiru yana nufin an yarda. A jihar Niyok ma an bai wa garuruwa wa'adi zuwa 31 ga Disamba 2021 su fita daga tsarin shagunan nishaɗi, wanda bai fita ba shikenan ƙofa ta rufe masa. Na san kan maganarmu na magani ne, amma a wurare da yawa shagon magani shi ke rikiɗewa ya zama na kowa da kowa idan jiha ta buɗe, don haka ka tambaya tun yanzu ko izinin da suke nema ya haɗa da wancan.

Toh in ka gane wannan sai ka nemo dokar garin da kanta, kar ka dogara da abin da wani ya turo a WhatsApp. Yawancin garuruwa dokokinsu na kan intanet kyauta, a Municode ko eCode360 ko American Legal Publishing, ka shiga ka zaɓi jiha da gari, a akwatin bincike ka rubuta marijuana, in bai fito ba ka gwada cannabis, in a Mishigan kake ka rubuta marihuana da harafin h don haka dokarsu ke rubutawa, ni kaina na taɓa ɓata awa guda a kan wannan harafin. Abin da kake nema guda uku ne, a wane yanki aka yarda shagon ya zauna, wane irin izini yake buƙata, da kuma tazarar da dole ya bari tsakaninsa da makaranta da wurin ibada da sauransu. Sannan ka buɗe taswirar zonin ka sa adireshin shagon kaga launin da ya faɗa. Birnin Niyok nasu sunansa ZoLa, Los Angeles nasu ZIMAS, ƙananan garuruwa kuma wani lokacin sai ka je ofishin tsara gari da ƙafarka, kuma kaje ɗin ya fi, don ma'aikatan kan amsa tambaya ba tare da ko sisi ba, kace a nuna maka fayil ɗin takardar neman izinin, haƙƙinka ne ka gani, a ciki akwai zanen wurin da awannin aiki da tsarin tsaro da lissafin tazarar da kamfanin yayi da kansa.

Maganar tazara nan ne gizo ke saƙa, don haka zan ɗan daɗe a kai. Kowace jiha da lambarta. Kalifoniya ƙafa 600 ce daga makaranta, wajen mita 183 kenan, kuma dokar yanzu ta haɗa da gidan renon yara da cibiyar matasa, sai dai ta bar gari ya sa tasa lambar daban. Fensilbeniya ƙafa 1,000 daga makaranta ko gidan renon yara, kusan mita 305. Oklahoma ma 1,000 daga makaranta. Filorida 500 daga makaranta, mita 152, amma gari na iya yafewa idan yayi zama a bainar jama'a. Ka lura duk waɗannan da na lissafa ban ambaci wurin ibada ba, saboda a matakin jiha basu sa shi ba, sai dai in garinku ya ƙara da kansa a inda aka bashi dama. Ohayo ce ta sa, ƙafa 500 daga makaranta da coci da laburare da filin wasan yara da wurin shaƙatawa na gwamnati, kuma kar kalmar coci ta ruɗe ka, ma'anar da dokar ta bata ta ƙunshi duk wata ƙungiyar da aka kafa don addini ba don riba ba, masallaci ya shiga. Kullum ka gangara sashen ma'anar kalmomi ka karanta, rabin shari'ar a can take.

Sai kuma tambayar da ta fi lambar muhimmanci, daga ina zuwa ina ake awon. Wasu daga iyakar fili zuwa iyakar fili a miƙe kamar tashin tsuntsu, haka Kalifoniya take. Wasu daga ƙofa zuwa ƙofa. Wasu kuma ta hanyar da mai tafiya a ƙasa zai bi. Makaranta mai babban fili, bambancin awon ƙofa da awon katanga zai iya kai ƙafa ɗari biyu ko fiye, kuma kar ka zaci hukuma bata kuskure, a 2025 hukumar wiwi ta jihar Niyok ta fito da bakinta tace ta daɗe tana auna tazarar makaranta ƙofa zuwa ƙofa alhali dokar lokacin iyakar filin makaranta ta ambata, shaguna sama da 100 suka shiga tsaka mai wuya. Idan hukuma guda zata yi haka to ina ga ma'aikaci ɗaya a ƙaramin gari. Ka fara gwadawa da Google Maps, ka danna wurin ka riƙe ka zaɓi auna nisa, in kaga lambar ta zo kusa da iyaka, misali doka tace 500 kai ka samu 480 ko 520, to ku haɗa kuɗi ku ɗauko safiyo mai lasisi ya auna ya buga hatimi, don takardar safiyo ita kwamiti ke girmamawa ba hoton waya ba.

Ga kuma inda abin ya fi shafarmu. A jihar Niyok shagon da ke sayar wa kowa dole ya bar ƙafa 200 daga wurin ibada, mita 61 kacal, kuma ƙa'idar ta yi maganar gini da ke kan titi ɗaya wanda ake amfani da shi don ibada kaɗai. Toh ka tuna yadda masallatanmu suke a Bronx da Harlem, da yawa shago ne aka kama a ƙasa, sama gidajen haya ne, gefe mai aski ko mai sayar da kayan Afirka, wani ma a ƙarƙashin ƙasa yake. Lauyan kamfani abin da zai fara cewa kenan, wannan ginin ba na ibada kaɗai bane. Wani lokacin ma a takardun gari wurin har yanzu a matsayin kanti yake don ba a taɓa canza takardar shaidar amfani da gini ba, shekara goma sha ana sallah a ciki amma a idon hukuma babu masallaci a layin. Haka islamiyyar Asabar da Lahadi, mu a wajenmu makaranta ce babu ko tantama, amma doka galibi makarantar boko take nufi daga nazare zuwa aji 12. Inda dokar ta ambaci cibiyar matasa ko gidan renon yara kuna iya gwada shiga ta nan, amma sai da shaida, rajistar yara, jadawali, lasisi in akwai. Kuma yawanci sai wurin ya riga shagon zama, bazaka buɗe islamiyya yau don ka kori shagon da ya samu lasisi bara ba.

Shi yasa nake cewa kwamitin kowane masallaci, tun babu wata rigima, su duba takardunsu. Rajistar ƙungiya, takardar haya da ta ambaci ibada, takardar amfani da gini. Aikin wata ɗaya ne ko biyu amma ranar da ake buƙatarsa ba a samunsa cikin kwana tara.

Irin izinin da suke nema shi zai gaya maka ko bakinka na da tasiri. Akwai izini kai tsaye, wato doka ta riga tace irin wannan shagon halal ne a wannan yankin, in sun cika tazara da wurin fakin ma'aikaci ne kawai zai sa hannu, babu zama babu jin ra'ayi, a nan abin da ya rage maka shine ka kama su da kuskuren awo ko kuma ku nemi majalisa ta gyara dokar saboda gaba. Akwai izini mai sharaɗi, wannan shine wanda ake liƙa takarda a aika wa maƙwabta wasiƙa a yi zama, kuma kwamiti na da ikon ƙi ko ya amince da sharuɗɗa, nan ne filin wasanku. Akwai kuma neman sassauci, wato basu cika doka ba suna roƙon a ɗaga musu ƙafa, misali tazarar ta gaza da ƙafa talatin, a nan su ne a ƙasa don sai sun nuna wata matsala ta musamman da filin ke da ita, ba wai kawai sun riga sun biya haya ba. In kaga wannan a takardar to ka ji daɗi. A birnin Niyok kuma mai neman lasisi sai ya sanar da kwamitin unguwa aƙalla kwana 30 kafin ya miƙa takardarsa ga jiha, kwamitocin nan 59 ne a birnin, 12 a Bronx, ra'ayinsu shawara ce ba hukunci ba amma tana shiga fayil, kuma kowa na iya zuwa zamansu.

Ranar zama kuma, don Allah 'yan uwa a saurare ni a nan. Minti biyu ko uku ake bai wa kowa, akwai agogo, in ya ƙare sun kashe makirfo ko kai waye. Ka je da wuri ka rubuta sunanka a takardar masu magana, wasu garuruwan ma sai ka yi rajista ta intanet tun kafin ranar. In Turanci na baka wahala ka kira ofishin kwana biyu uku kafin nan ka nemi tafinta, ko ku zo da naku. Kuma kar mutum ashirin su tashi su maimaita magana ɗaya, ku raba, wannan ya ɗauki tazara, wannan fakin, wannan yara, wata uwa ta faɗi ƙarfe nawa yara ke bin layin zuwa islamiyya da yawansu, sauran su zauna a gansu an cika kujeru, cikar kujerun ma magana ce.

Abin da bazai yi aiki ba shine ka tashi kace haramun ne. Gaskiyarka ce a addininka, amma kwamitin zonin baya da ikon yanke hukunci a kan addini, in ma suka kuskura suka ƙi saboda wannan to kun bai wa lauyan kamfani makami ne ya kai kotu a rushe. Haka in kace ai dokar tarayya ta hana, eh dokar 1970 ta sa wiwi a rukuni ɗaya da hodar heroin, amma wani birni a Mishigan mai suna Wyoming ya gwada fakewa da wannan ya hana wiwin magani, kotun ƙolin jihar ta rushe dokar tasa a 2014, kuma tun wannan shekarar majalisar tarayya ke hana ma'aikatar shari'a kashe kuɗi wajen tsoma baki a tsarin wiwin magani na jihohi. Kuma kar ka ce zai kawo 'yan fashi in baka da komai a hannu, su zasu zo da zanen kyamarori da kwangilar masu gadi kai kuma sai bakinka. Gara ka juya shi ya zama tambaya, tunda bankuna da yawa na gudun harkar kuma tsabar kuɗi na yawo a shagunan nan, yaushe motar kuɗi zata riƙa zuwa, ta wace ƙofa, mai gadi zai kai ƙarfe nawa.

Yaren da suke ji shine na ƙasa da gini. Wurin fakin nawa doka ta nema nawa suke da shi. Layin masu jira a ciki zai tsaya ko a kan hanyar da yara ke bi. Wari fa, wace na'urar tace iska zasu sa. Ranar Juma'a tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu da rabi titin nan baya shiguwa, ga hotuna na sati uku a jere. Ka buɗe dokar ka nemo jerin sharuɗɗan da kwamiti zai duba kafin ya amince, ka ɗauki ɗaya bayan ɗaya ka nuna wanda basu cika ba da lambar sashen. Kuma duk abin da zaka faɗa ka rubuta shi ka miƙa wa sakatare ya shiga rikodin, don in an je ɗaukaka ƙara alƙali abin da ke cikin fayil kawai zai duba, abin da ka faɗa a bakin ƙofa bayan an tashi ya bi iska.

Wani abu da mutanenmu basa so su ji, ku shiga da shiri biyu. Na farko a ƙi, na biyu in za a amince to ga sharuɗɗanmu. Wasu na ganin kawo sharaɗi kamar ka sallama ne, ni kuma na ga inda aka tsaya kan a'a kawai, aka amince wa kamfani, aka tashi babu ko sharaɗi ɗaya. Abubuwan da ake iya samu suna da yawa, rufewa da wuri, gilashi mai duhu yadda ba a ganin kaya daga waje, allo babu hoton ganye babu fitila mai walƙiya, ƙofar shiga ta koma ɗaya titin, mai gadi a waje lokacin tashin yara, hana sha a harabar wurin, lambar wayar manaja da za a kira in an samu matsala, da kuma a dawo a sake duba izinin bayan shekara ɗaya. Amma a rubuta su cikin izinin kansa, alƙawarin baki na wakilin kamfani a falon masallaci da lemo da biskit ba komai bane, gobe suna iya sayar da shagon ga wani. A Masachusets ma dole kamfani ya yi taron unguwa kuma ya ƙulla yarjejeniya da gari, kuma kuɗin da gari zai karɓa don rage tasirin shagon baya wuce kashi 3 cikin ɗari na cinikinsa, toh ku tambayi ina kuɗin zai tafi.

In an yanke ba yadda kuke so ba akwai ɗaukaka ƙara, amma wa'adin gajere ne, a wurare da yawa kwana 30 ne, wasu ma bai kai ba, kuma yawanci sai maƙwabci na kusa ko wanda ya yi magana a zaman ke da hurumi. Nan kam sai lauyan harkar filaye, ba lauyan da ya yi maka takardun zama ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Wanda kuma yake tunanin shiga harkar, ko wani ya zo masa da maganar ya sa hannun jari, duk abin da na faɗa a sama ka karanta shi ta baya. Kar ka sa hannu a haya sai ka karɓi wasiƙa daga ofishin tsara gari da ke tabbatar wurin ya halatta, ka sa a yarjejeniyar cewa in izini bai fito ba hayar ta warware, ka tambayi mai ginin ko akwai bashin banki a kansa don wasu bankunan sun hana irin wannan ɗan haya, kuma ka zaga unguwar da ƙafa don gidan renon yara na iya ɓuya a cikin wani gida babu allo. Izinin gari daban lasisin jiha daban, samun ɗaya baya nufin ɗayan. Amma kafin duk wannan, in kai ba ɗan ƙasa bane, ko da kana da girin kati, ka tsaya. A watan Afrilu 2019 hukumar USCIS mai kula da takardun zama da na zama ɗan ƙasa ta fitar da sanarwa cewa aiki a harkar wiwi ko mallakarta na iya hana mutum cika sharaɗin kyawun hali da ake nema wajen zama ɗan ƙasa, ko da jihar ta halatta, kuma bata ware na magani ba. Wato ko kashiya kake a shagon ko direban kai kaya, sai ka ga lauyan shige da fice tukun. Katin magani na jiha kuma a filin jirgin Kano ko Abuja ba komai bane, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA bata san shi ba.

Su mutanen da suka turo min hoton, da muka buɗe dokar garinsu sai muka tarar wurin ibada na cikin jerin, ƙafa 500 daga iyakar fili zuwa iyakar fili, kamfanin kuma a lissafinsa bai sa masallacin ba sam don a taswirar gari kantin kafet ne a wajen. Aka kwana biyu ana neman takardar haya da rajistar ƙungiya, aka same su a wata jaka a gidan tsohon ma'aji, safiyo ya zo ya auna ya samu ƙafa ɗari da wani abu. Kwamiti ya ɗage zaman wata guda don lauyan gari ya duba ko masallacin ya cika ma'anar da ke cikin dokar tunda ba a canza takardar ginin ba, kafin watan ya cika kamfanin ya janye ya nemi wani wuri a bakin babban titi kusa da masu gyaran mota. Takardar ginin masallacin dai yanzu suna kan canza ta, an ce sai sun ƙara ƙofar fita ta biyu da fitilun gaggawa kafin a sa musu hannu.